Jandarma Ba Ya Cin Kyauta

Yeyinu 'yar gwaggona ce, ni kuma ɗan kawunta, saboda haka tun muna yawo ba wando aka ba ni izinin tsokanarta, ita kuma aka ba ta izinin dukana. Babu wanda ya yi sakaci da aikinsa a cikinmu. Haƙorin nan nawa na gaba da ya guntule, wanda nake gaya wa fasinja faɗuwar babur ce, ba babur ba ne. Ludayi ne. Na ce mata goshinta ya yi kama da gaban kwalekwale, ta ɗauki ludayin ƙarfen gwaggo ta gyara mini baki.

Sana'arta bandar kifi a bakin tafki, nan Kalabi, a daidai wurin da uwarta ta yi, kakarta ta yi. Tare aka kai mu makaranta. Ni na daure har na iya karanta lambar mota da sunan magani, sannan na kama acaba. Ita kuwa ba ta daɗe ba, domin wani yaro ya taɓa mata akasa, tuwon masarar da ta zo da shi a ganye, ta yi masa dukan da sai da aka fitar da shi a kan benci, aka ce ita ta koma gida ta taya uwarta hura wuta. Tun daga ranar hayaƙi ya zama turarenta. Idanunta jajaye ne kullum, tafin hannunta kuwa kana iya ƙyasta ashana a kai.

Abin da aka fi saninta da shi a Kalabi shi ne jifa. Idan Yeyinu ta cire silifas ta jefa, yakan sha kwana. Na gani da idona ya bi wani ɓarawon kifi har cikin lungu, ya rasa shi, ya tsaya ya jira shi ya fito. Mijinta ma, Lokosu masunci, ta hanyar duka ya same ta. Ya zo sauke kifi ya fantsama mata ruwa a zane yana dariya, ta karɓe filafilin kwalekwalensa ta karya a gadon bayansa. Da ya warke sai ga shi da dattawan gidansu da kwalaben barasar sodabi, wai aure. Ya ce macen da ta iya wannan, ba mai taɓa masa gida idan yana kan ruwa. Suka haifi Sika, ta girma ta yi aure a Kwatano, gida ya rage daga shi sai ita sai Jandarma.

Kada a ce na ɓata ta da yawa. Ranar da mota ta kwashe ni da babur a hanyar kasuwa, ita ce ta goya ni kamar jariri har asibiti, tana tafe tana zagina, tana cewa in na kuskura na mutu a bayanta sai ta kashe ni. Haka son Yeyinu yake. Ba ya fitowa ta baki sai da ashar a gabansa.

Jandarma muzuru ne, baƙi, mai kunne ɗaya da rabi da kai kamar ƙwallon kwakwa. A shekarar da aka haife shi ɓeraye sun addabi rumfunan banda, kowa na sa shinkafar ɓera. Yadda ake sa ta ɗaya ne a duk bakin tafkin: a sami murfin gwangwanin madara a wanke shi tas, a marmasa kifi mai kyau a cakuɗa da gubar, a ajiye a ƙasa a gindin bango, a ja da baya a hankali. Wata kyanwa da ta haihu a bayan itacen Yeyinu ta fito da 'ya'yanta suka ci. Aka same su a miƙe, kumfa a baki. Ɗaya ne kawai bai ci ba, shi ma don 'yan'uwansa sun ture shi. Yana zaune a kan itace yana kallonsu. Yeyinu ta miƙa hannu za ta ɗauke shi, ya tsaga mata yatsa har ƙashi. Ta dubi jinin, ta dube shi, ta ce, "Wannan ɗan gida ne." Daga ranar ta hana sa guba a rumfarta.

Amma ba irin riƙon da matan Kwatano masu mota ke yi wa kyanwa ta yi masa ba. A wajen masu banda ba a ba kyanwa abinci. Kyanwar da ta ƙoshi barci take yi har ɓera ya zo ya yi mata kitso. Jandarma bai taɓa karɓar ko ƙaya daga hannun mutum ba. Abincinsa ɓera, marmarinsa sata. Kullum da safe idan kifin farko ya yi ja a kan raga, zai lallaɓo ta bayan gangar wuta, ya yi tsalle ɗaya, ya cafki mafi girma, ya arce. Yeyinu ta saki ƙara ta bi shi da silifas, da guntun itace mai wuta, wata rana har da wuƙa. Rabin kunnen nan nasa da babu, ita ce. Tabon da ke haɓarta, shi ne. Sai ya shige ƙarƙashin tsohon kwalekwalen Lokosu da ke kife a bakin ruwa ya cinye abinsa, ya fito yana lashe baki, da rana kuma ya kawo gawar ɓera ya ajiye mata a kan silifas ɗin da ta jefe shi da shi. Haka suka yi shekara da shekaru. Dada nake kiranta, wato yaya mace, mijinta kuma Fofo, yaya namiji. Idan na ce mata, "Dada, kin fi son muzurun nan a kan Fofo Lokosu," sai ta ce, "Ranar da na kama shi, tare da kifin zan banda shi." Sannan ta jefe ni da abin da ke hannunta.

Tsufa ya riga ta kama shi. Bara, bayan ruwan tafki ya cika ya janye, gashin bayansa ya fara zuba, ƙafafunsa na baya suka riƙa rawa. Wata safiya ina zaune a kan babur ina cin akasa, na ga ya yi tsallen nan nasa, bai kai raga ba, ya faɗo a jikin ganga mai zafi. Ƙaurin gashi ya tashi. Yeyinu na riƙe da silifas a sama, ta kasa saki. A hankali ta mayar da shi ƙafarta. Ban taɓa ganin haka ba.

Ɓeraye sun riga kowa jin labari. Suka dawo da iyalansu, har da dangi na unguwannin maƙwabta. Shugabarsu wata gafiya ce da ta kai ɗan akuya, muka sa mata suna Suruka, saboda takan shigo ba sallama, ta ci mafi kyau, ta tafi ba godiya. A ɗakin ajiya ta tare. Kwandon kifin da Lokosu ya sha rana da sauro kafin ya kama, sai a buɗe a tarar da kawuna da kashin ɓera.

Lokosu mutum ne mai sanyi, amma sanyinsa irin na ƙarfe ne. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ajiyar da kwando a hannu ya ce, "Maman Sika, ma'aikacinki ya yi ritaya."

"Ba shi da lafiya ne."

"To ni ba asibiti na buɗe ba. Ranar cire baƙin kayan makokin Inna mutane za su cika gidan nan. Ahisu ya daɗe yana tambayata muzurun nan. Idan ranar ta zo gafiyar can tana numfashi, Ahisu zai zo da buhunsa, ni kuma in sayo shinkafar ɓera kamar kowa."

Ahisu shi ne mai sayar da sodabi a kwatar da masunta ke sauke kifi, kuma duk Kalabi ba wanda ya kai shi iya farfesun kyanwa. Idan ya wuce kyanwoyi kan hau bishiya, har baƙin da ba su san shi ba.

Yeyinu ta ce, "Baban Sika, yanzu Ahisu hannu biyu gare shi. Ka tambaye shi ko yana son ya ci gaba a haka."

"Gidana ne, kifina ne, makokin uwata ne," in ji Lokosu.

A kan makokin uwar miji kuwa, ko Yeyinu dole ta bi.

Washegari ta kira ni. "Kai mai zuwa da ƙafa, kawo gwangwanin nan naka." Sunana Agosu, don da ƙafa na fito duniya, ita kuma ba ta taɓa barin in manta ba. Muka jefa wa Jandarma buhu, muka cusa shi a kwandon kaji, muka ɗaure da igiyar kwalekwale, ta rungume kwandon ta hau bayana a kan babur. Rabin ƙarfinsa ya tafi, amma rabin da ya rage ya ishe ni. Ta ramin kwando ya miƙo hannu ya yi ta yi mini zane a baya tun daga Kalabi har Kwatano. Rigata ta acaba mai ruwan ɗorawa ta isa asibitin dabbobi da ratsin ja, sai ka ce tuta.

Likitar wata mata ce mai gilashi da haƙuri. Ta sa safar hannu mai kaurin taya, ta duba bakinsa, ta lallatsa ƙafafunsa, ta yi masa allura, shi kuma ya sauke mata labule. Ta ce tsufa ne da rashin wasu abubuwa a jiki, tunda ya daina samun ɓera da kifi. Ta ba mu wata leda cike da 'yan dunƙule masu laushi, launin ƙasa, kamar ƙuli-ƙulin da bai soyu ba, masu warin hanta. Ta ce ƙarin abinci ne mai gina jiki, yana taimakon gaɓoɓi da gashi, an kuma yi shi da daɗi don kyanwa ta ci kamar alewa. Ɗaya kullum.

"In ya ƙi fa?" in ji Yeyinu.

"Wasu akwai tsirfa, ba sa yarda da sabon abu nan take. Ki sa masa a mazubi mai tsabta, a wuri mai shiru. Ki haɗa da abin da ya saba ci. Ki yi masa magana a hankali, kada ki tsorata shi."

Na ce, "Likita, ita da magana a hankali ko gaisawa ba sa yi."

Yeyinu ta taka mini ƙafa har sai da na hango kakana.

Da muka dawo ta yi yadda aka ce, har ta ƙara nata. Ta samo murfin gwangwanin madara ta goge shi da toka har yana ƙyalli. Ta marmasa kifi mai kyau, wanda ko ni ba ta taɓa ba ni irinsa ba, ta cakuɗa da dunƙulen, ta ajiye a ƙasa a gindin bango. Sannan ta ja da baya a hankali, ta tsuguna, ta buɗe baki, wata murya ta fito wadda ban san tana da ita ba.

"Zo mana, ɗan albarka. Zo ka ci, Jandarmana."

Tsigar jikina ta tashi. Ta Jandarma ma ta tashi, ɗan gashin da ya rage masa. Ya dubi murfin, ya dube ta, ya gantsare, ya yi wani huci kamar an zuba ruwa a garwashi, ya ja ƙafafunsa ya shige ƙarƙashin kwalekwale. Ranar bai sake fitowa ba.

Ta canza kifin ta sa jatan lande. Ta sa manja. Ta sa hantar kaza. Kajin unguwa dai sun ƙoshi, akwai wani zakaran maƙwabta da ya yi ta cin dunƙulen har ya fara korar karnuka. Jandarma ko kallo. Tausayi ya sa ta daina jifansa gaba ɗaya, ta riƙa sauko da kifi daga raga da hannunta tana ajiye masa a bakin kwalekwalen. Shi ma bai taɓa ba, ƙudaje suka ci. Haƙarƙarinsa ya fito har kana gani daga kan titi.

Da lallashi ya ƙi, muka koma ga abin da muka iya.

"Ka riƙe ƙafafun, ni in buɗe bakin," in ji ta.

"Dada, me ya sa kullum ni ne a ɓangaren farata?"

"Don fuskarka ba ta da abin da za a ɓata."

Muka ɗaga kwalekwalen, na faɗa masa da bargo. Abin da ya biyo baya, mutanen kwata sun ɗauka alade ake yankawa. Ya keta bargon kamar takarda, ya hau hannuna, ya dasa haƙori a babban yatsana har na ji ya taɓo farce ta ciki. Yeyinu ta shaƙo wuyansa, ta danna dunƙulen da yatsa har maƙogwaro, ta rufe bakin ta riƙe. Muka jira. Ya lumshe ido kamar ya haɗiye. Tana saki ya tofo mata shi a ido, ya bi da mari tun daga kunne har haɓa. Na ja da baya na tunkuɗi gangar wuta, raga ta kife, kifi ya watse, wandona ya kama. Na faɗa tafki. Da na fito, Yeyinu na zaune a cikin toka, jini na ɗiga a zanenta, Jandarma ya koma ƙarƙashin kwalekwale yana numfashi sama-sama.

Lokosu ya zo wucewa da taru a kafaɗa, ya dube mu ya ce, "An gama ɗinka ankon biki." Ya wuce abinsa. Ahisu kuwa ya tsiri biyowa ta rumfar da la'asar, wai gaisuwa. Ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin kwalekwalen ya ce, "Maman Sika, ki daina wahalar da shi, ramewa yake. Ni ba ƙashi zan ba mutane ba." Ta jefe shi da kan kifi, amma jifan ba ƙarfi, ko kwana bai sha ba. A nan na san abin ya kai mata.

Wata safiya na zo da yatsana naɗe da tsumma kamar kan taɓarya, na same ta tsugune gaban murfin tana wannan muryar. Idanunta sun fi kullum ja, alhali ko wuta ba ta hura ba. Ni ban iya ganinta a haka ba, kuma ban iya lallashi ba. Abu ɗaya na iya.

Na ce, "Dada, tsakani da Allah, ko ni na ga kin wanke murfi, kin zuba mini kifi mai kyau, kin ajiye a ƙasa kina murmushi kina ce mini ɗan albarka, ba zan ci ba. Na san kwanana ya ƙare."

Silifas ya same ni a kunne kafin in rufe baki. Ta ciro na biyun ta ɗaga, sai ta tsaya. Ta juya ta dubi murfin. Ta daɗe tana kallonsa, da gindin bangon, da marmasasshen kifin.

"Haka muka ajiye wa uwarsa," ta ce.

Ta sa ƙafa ta shuri murfin, ya tashi sama ya faɗa tafki. "Tashi ka hura mini wuta."

Ta jera kifi a raga, ta tsaga cikin mafi girma ta cusa dunƙulen, ta ajiye shi a gefen da ya saba ɗauka. Tunda ba ya iya tsalle, ta jingina wani katako daga ƙasa zuwa bakin ganga, kamar an manta da shi ne a wurin. Ta juya baya tana faskare. Muka yi kamar ba mu san da zamansa ba. Sai da rana ta ɗaga sannan yunwa da ƙamshi suka fito da shi. Ya lallaɓo, ciki a ƙasa, ya hau katakon yana tangaɗi, ya cafki kifin. Yeyinu ta juyo ta ce, "Kai ɓarawo," ta wurga silifas can gefe, nesa da shi, kamar mai miƙa wa jinjiri ƙwallo.

Jandarma ya tsaya. Ya dubi inda silifas ya faɗi, ya dube ta. Ya buɗe baki ya saki kifin a kan raga, ya sauka ya tafi. Duk rayuwarsa muryar matar nan yake ji, ya san ta gaske, ya san ta bogi.

"Ba zan iya ba," in ji ta. "Da na ga haƙarƙarinsa sai hannuna ya mutu."

Na ce, "Ai ba laifinki ba ne, tsufa ne. Ke ma a kai ki wajen likitar nan a ba ki dunƙulen. Dama Fofo Lokosu ya ce akasarki ta koma kamar kunun marasa lafiya, shi ya sa yake tsayawa wajen mai waken nan ta kwata, mai faffaɗan..."

Ban ƙarasa ba. Ƙarar da ta saki, tsuntsayen tafki suka tashi har tsallake. Ta zari itace mai wuta daga ganga ta yo kaina. Na zagaya raga, ta zagayo. Na tsallake kwando, ta shure shi. Itacen ya wuce ta saman kaina ya bugi kwanon rufi, tartsatsi ya zubo mini a wuya. A tsakiyar wannan yaƙi na hango wani baƙin abu ya haye katako da sauri, ya fizgi kifin, ya diro, ya nufi kwalekwale da kunne ɗaya da rabi a kwance. Yeyinu ta gan shi, kuma da yake jininta na tafasa ba ta tsaya tunani ba. Silifas ya tashi da gaske, ya sha kwana, ya sami gindinsa daidai lokacin da yake shigewa.

Muka tsaya muna haki. Daga ƙarƙashin kwalekwalen muka ji ƙurus-ƙurus, ana tauna ƙaya. Da ya fito muka leƙa. Babu kifi, babu dunƙule. Yana lashe baki yana yi mata kallon rainin nan irin na da.

Yeyinu ta goge fuska da bakin zane ta ce, "Gobe da safe ka dawo. Ka zo da sabon zagi."

"Maganar mai waken fa ƙarya nake yi."

"Na sani. Da gaskiya ce, da baƙin kaya biyu za a cire."

Haka na sami aiki na biyu. Kullum kafin in ɗauki fasinjan farko sai na biya na zagi 'yar gwaggona. Na zagi tafiyarta, na zagi ɗaurin kallabinta, na ce waƙarta a coci ce ta sa limamin cocin ya nemi canjin gari. Ta fasa mini madubin babur, ta ƙona mini gira ɗaya, ta jefe ni da ƙaguwa mai rai ta kama ni a inda ba zan rubuta ba. Jandarma na cin abinsa. Da ya saba da ɗanɗanon, ta daina ɓoye dunƙulen a cikin kifi, ta riƙa ajiye shi tsirara a tsakiyar raga, shi kuma ya tsallake kifi ya ɗauke shi, don ya lura shi ta fi tsarewa. Gashi ya fara tsirowa. Wata safiya ta janye katakon. Ya dubi wurin, ya yi tsalle, ya kai da ƙyar, ƙafar baya na reto. Na kai wa likita labari, ta yi dariya har ta cire gilashi. Ta ce in dai yana ci, kowane gida da irin lallashinsa, amma in matso ta duba mini girar.

Sai dai Suruka na nan daram, Jandarma ko leƙa ɗakin ajiya bai yi ba.

Ranar cire baƙin kaya, tun da hantsi an kafa rumfuna, an jera kujeru, 'yan badujala na gwada ƙahonninsu, kowa cikin anko. Ahisu ya iso da buhu da guntuwar taɓarya, ya riga ya ɗanɗani hajarsa. Lokosu na biye da shi, ba ya kallon matarsa.

"Maman Sika, ranar ta zo," ya ce.

"Na ji. Bari in ɗauko kifin baƙi tukuna."

Ta buɗe ɗakin ajiya. Babban kwandon da ta ware don bikin, wanda ta ɓoye ledar dunƙulen a cikinsa saboda kaji, yana motsi. Ta ɗaga murfin. Suruka na zaune a ciki, ta huda ledar, tana riƙe da dunƙule da hannu biyu tana ci kamar wadda aka aika wa katin gayyata.

Saboda biki ranar ba a hura wutar banda ba, don haka Jandarma bai yi satarsa ba. Tun safe yake bin Yeyinu daga nesa yana jiran a fara, a lokacin kuwa yana bakin ƙofa. Ya ga abin da gafiyar ke ci. Abin da shi sai ya sha silifas yake samu, wata na ci a zaune.

Ban ga tashinsa ba, saukarsa na gani. Kwandon ya kife, suka fito a dunƙule, suna birgima a tsakar gida cikin ƙafafun baƙi. Mata suka haye kujeru da ankonsu. Suruka ta kama kunnen nan nasa mai lafiya ta yage, jini ya fantsama a farin takalmin wani kawu da ya zo daga birni. Ya juya ya hau bayanta, ta yi tsalle da shi ta buga shi da tukunyar miya, ƙafar bayansa ta goce, ya faɗi. Gafiyar ta yi kansa. Ahisu ya ga dama ta samu, ya buɗe buhu ya sunkuya, wai ya kwashe su duka biyun nama ya ƙaru. Silifas ɗin Yeyinu ya same shi a tsakiyar ido, na biyun ya sha kwana ya same shi a ƙeya, ya zauna daɓas cikin kwanon niƙaƙƙen barkono. Ƙarar da ta biyo bayan jifan ita ce ƙarar da Jandarma ya sani tun yana ɗan mitsitsi, wadda a wajensa ke nufin kama ka gudu. Ya kuwa kama. Ya cafki Suruka a wuya, muka ji ƙas kamar an karya busasshen rogo, ya ja ta a guje tana sharar ƙasa har ƙarƙashin kwalekwale.

'Yan badujala suka sauke ƙahonninsu. Can sai ga shi ya fito yana ɗingishi, fuska jina-jina, kunnuwa yanzu rabi da rabi, yana jan gawar. Ya wuce Lokosu, ya wuce ni, ya je inda silifas ɗin Yeyinu ya faɗi kusa da Ahisu, ya ajiye ta a kai.

Lokosu ya daɗe yana kallon gafiyar. Sannan ya sunkuya ya ɗauke ta ta wutsiya ya jefa a buhun Ahisu. "Ga namanka," ya ce. "Barkono kuwa ka riga ka samu." Ya juya wajen matarsa. "Ledar nan ta lalace. A ina ake samun wata?"

"Agosu ya san wurin," in ji ta. Ta ɗauki silifas ɗinta ta goge jinin a jikin rigar Ahisu, ta sa a ƙafa, ta wuce wajen tukwane.

Jandarma na nan da ransa, ya yi ƙiba, gashinsa na sheƙi, ɓeraye sun kwashe iyalansu sun koma inda suka fito. Yeyinu har yanzu tana cewa ranar da ta kama shi tare da kifi za ta banda shi. Na taɓa gwada ƙin zuwa, in ga ko sun daina buƙatata. Kafin azahar ta aiko a gaya mini bai ci ba, kuma in ban zo na zage ta ba za ta zo har tasha ta same ni.

Damuwata ɗaya, zagi ya fara ƙare mini. Har fasinja nake tambaya ko suna da wanda ba sa amfani da shi. Yau da safe na rasa sabo, na koma kan na farko, na ce mata goshinta ya yi kama da gaban kwalekwale. Ashe ludayin gwaggo na nan, ita ta gada. Jandarma dai ya ci dunƙulensa. Ni kuma da gefen baki nake cin akasa, fasinja na tambayata na ce musu babur ne.